Kafin Ɗalibanmu Su Sauya wa Wayoyinsu Babbar Manhaja

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya fara shiga ran matasanmu masu sha'awar harkar waya, wato cire babbar manhajar da kamfani ya zuba wa waya a zuba mata wata daban. Ni malamin makaranta ne, lissafi nake koyarwa, kuma gyaran waya ba sana'ata ba ce. Sai dai na yi wannan aiki da hannuna har sau uku, sau biyu ya yi kyau, sau ɗaya kuma ya jawo mini asara da jin kunya a cikin gida, saboda haka ina ganin ina da ɗan abin faɗa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a 'yan watannin nan ɗalibaina fiye da ɗaya sun tare ni bayan an tashi daga aji suna cewa sun gani a bidiyo yadda tsohuwar waya take komawa sabuwa cikin minti goma, kuma da na ɗan yi musu tambayoyi sai na lura babu ko ɗaya daga cikinsu da aka gaya wa abin da zai rasa a wannan ciniki.

Babbar manhaja ita ce wadda take tashi da zarar an kunna waya. Ita ke sa allo da batir da kyamara da layin sim su yi aiki tare, kuma a kanta ne ƙananan manhajoji irin su WhatsApp da Facebook da na banki suke zaune, kamar yadda ɗakuna suke zaune a kan harsashin gini. Mafi yawan wayoyin da ke hannunmu Android ce a cikinsu. Kamfanin Google ya sayi ƙaramin kamfanin da ya fara ƙirƙiro ta a 2005, wayar farko da ta fito da ita kuma ta shiga kasuwa a 2008. An gina ta a kan Linux, wata manhajar kwamfuta wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finlan, kuma tushen rubutun Android a buɗe yake, kowa yana da dama ya ɗauka ya gyara ya sake rabawa. Abin da ba a buɗe ba shi ne kayan Google na ƙashin kansa, wato Play Store da Gmail da taswira da wasu hidimomi da suke aiki a ɓoye, waɗanda manhajoji da yawa suka jingina da su. Ina so mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin daga gare shi ne daɗin abin da wahalarsa duka suka fito.

Dalilin da yake sa mutum mai hankali ya fara tunanin sauya manhaja ba wai son burgewa ba ne. Waya takan tsufa ta fuska biyu. Jikinta yana tsufa, batir ya rage riƙe caji, gilashi ya fashe, kuma wannan duk mai gyara a kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut a Kano zai iya magance shi da rana ɗaya. Manhajarta ma tana tsufa, kuma wannan tsufan kamfanin da ya ƙera wayar ne kaɗai yake da maganinsa, ta hanyar turo sabuntawa. Tun bayan da aka gano wata babbar ɓaraka mai suna Stagefright a 2015, wadda za a iya kutsawa cikin waya ta hanyar saƙon bidiyo, Google ya fara fitar da gyaran tsaro kowane wata. Amma gyaran ba ya isowa hannun mai waya sai kamfanin wayar ya ga dama ya turo shi. Ranar da kamfani ya daina turowa, wayar tana nan tana aiki kamar jiya, sai dai yawancin ɓarakar da aka gano daga ranar tana nan a buɗe. Daga baya kuma manhajoji su fara juya mata baya ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda WhatsApp ya daina aiki a kan duk Android da ba ta kai ta 5 ba a watan Oktoban 2023. Google ya yi wa wayarsa ta Pixel 8 alƙawarin shekara 7 na sabuntawa a 2023, Samsung ma ya yi wa Galaxy S24 irin wannan alƙawari a 2024, amma waɗannan wayoyin masu hannu da shuni ne. Wayar da talaka yake tara kuɗi wata da watanni kafin ya saya, sau da yawa daga shekara 2 ko ma ƙasa da haka an manta da ita.

Wayata ta farko da na yi wa wannan aiki an ƙera ta ne a 2018. Da Android 8 ta zo, ta tsaya a ta 10, alhali injinta yana da ƙarfi, kyamararta lafiya lau, batir kawai na sauya mata. Na yi mako biyu ina karatu kafin in taɓa komai. Ranar da na zauna yin aikin, bayan na kwashe hotuna da lambobi da takarduna zuwa kwamfuta, na shiga saitin wayar na danna layin da aka rubuta Build number har sau 7, sai wani ɓoyayyen sashe na masu ƙirƙirar manhaja ya bayyana, a cikinsa na kunna izinin buɗe butloda. Butloda ɗin nan shi ne mai gadin ƙofar waya: shi yake fara farkawa idan an danna maɓallin kunnawa, ya duba ko manhajar da ke ciki tana ɗauke da hatimin kamfani, in babu hatimin ya hana ta tashi. Sai an sallami wannan mai gadi kafin baƙuwar manhaja ta samu shiga, kuma a daidai lokacin da aka sallame shi wayar takan goge duk abin da ke cikinta. Da gangan aka tsara haka, domin kada ɓarawo ya bi ta wannan ƙofa ya karanta sirrin mai waya. Na haɗa ta da kwamfuta da kebul mai kyau, na rubuta umarnin, na tura sabuwar manhajar, sannan na zauna ina kallon wani ɗan da'ira yana ta yawo a kan baƙin allo. Minti kusan biyar ya yi, amma a wajena kamar an yi sallar azahar har la'asar ta gabato. Da allon maraba ya fito sai da na yi hamdala a bayyane, har mai ɗakina ta leƙo tana tambayar ko lafiya.

Abin da na zuba mata sunansa LineageOS, kuma ita ce aka fi sani a wannan fage. Asalinta wata manhaja ce mai suna CyanogenMod da masu sha'awa suka fara a 2009, ta bunƙasa har aka kafa kamfani a kanta. Da kamfanin ya rufe hidimominsa a watan Disambar 2016, sai masu aikin sa kai suka ɗauki rubutun suka ci gaba da sabon suna. Android ce tsantsa, ba tallace-tallace, ba tarkacen manhajojin da kamfanoni suke cusawa waɗanda ba sa goguwa, kuma kayan Google ba sa zuwa a cikinta sai mutum ya ƙara su da kansa. Wayar da kamfaninta ya bari a Android 10 sai ga ta tana tafiya da ta 13, daga baya ta 14, tana karɓar gyaran tsaro a kai a kai, kuma wurin ajiyarta ya ƙaru saboda tarkacen da suka fita. Wannan gaskiya ne, na gani da idona, ba zan rage wa abin darajarsa ba.

Akwai wasu ban da ita. Wani Bafaranshe mai suna Gaël Duval ya gina /e/OS a kan LineageOS, ya cire hanyoyin da waya take aika bayanai zuwa Google, ya maye gurbinsu da wata manhaja mai suna microG da take kwaikwayon hidimomin Google ɗin. GrapheneOS ita ce aka fi yabawa ta fuskar tsaro, 'yan jarida da masu tsoron a bibiye su sun fi karkata gare ta, amma a kan wayoyin Pixel take hawa, kuma tana da wani fifiko da sauran ba su cika samu ba, wato ana iya mayar da mai gadin ƙofa bakin aikinsa bayan an zuba ta. Sai waɗanda ba Android ba ne sam, irin su Ubuntu Touch da kamfanin Canonical ya yi watsi da ita a 2017 wata ƙungiya mai suna UBports ta ɗauka, da postmarketOS, da Sailfish ta tsofaffin ma'aikatan Nokia. Waɗannan ba zan ɓata lokacin mai karatu a kansu ba, domin wanda rayuwarsa ta rataya a kan WhatsApp da turin kuɗi ba shi da abin yi da su a yanzu, sai dai ɗalibin kwamfuta da yake da wata waya ta gwaji.

A nan ya kamata in raba wasu abubuwa biyu da ɗalibaina suke haɗawa. A kasuwar waya idan an ce za a yi wa waya filashin, ba filashin ɗin da ake yi wa mutum don ya kira ba, ana nufin a sake zuba mata manhajarta ta kamfani saboda ta rikice ko ta maƙale a tambarin farko. Wannan mayar da ɗan gida ne ɗakinsa, masu gyara suna yin sa kullum, kuma sun ƙware a kai. Abin da nake magana a kansa kuwa shigo da baƙo ne, kuma baƙon dole ne a ɗinka shi daidai da jikin wannan samfurin waya ɗaya tak. Manhajar waya ba kamar ta kwamfuta ba ce da faifai ɗaya zai hau kwamfutoci iri-iri. Kowace waya tana da nata ƙananan rubuce-rubucen da suke sarrafa kyamararta da sabis ɗinta da na'urar karanta yatsanta, kuma sau da yawa wayoyi biyu masu suna ɗaya a kwali injinansu daban ne, ɗaya an yi wa kasuwar Indiya, ɗaya ta Turai.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da masu bidiyo ba sa faɗa, saboda ba mu suke yi wa bidiyon ba. Kusan rabin wayoyin zamani da ake sayarwa a Afirka na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel. Duk wanda ya buɗe jerin wayoyin da LineageOS take tallafawa a hukumance zai ga Xiaomi da OnePlus da Motorola da Google da Samsung da Sony, amma lokacin da na duba na bi jerin daga sama har ƙasa ban ga Tecno ko itel ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Masu wannan aiki 'yan sa kai ne, kowannensu yana yi wa wayar da ya saya da kuɗinsa ne, kuma kaɗan ne daga cikinsu suke zaune a inda ake riƙe irin wayoyinmu. Sannan wayoyin masu araha yawanci injin MediaTek ko Unisoc ne a cikinsu, waɗanda samun rubutun da ake buƙata don gina musu manhaja ya fi wuya a kan na Qualcomm. Akwai wata hanya da ta samu tun Android 8 a 2017, ta zuba manhaja guda wadda aka yi don ta hau wayoyi da yawa, amma irin rigar gwanjo ce da ba a auna mutum ba: wayar za ta iya tashi, sai a tarar kyamara ba ta ɗauka, ko layi na biyu ya ɓace, ko wanda ake kira ba ya jin magana.

Su ma wayoyin hannu da ake kawowa daga waje, waɗanda ake kira Landan yus, ba kowacce ce take buɗuwa ba. Huawei ya daina bayar da lambar buɗe butloda tun 2018. Xiaomi yana sa mutum ya yi rajista da asusu sannan ya jira, a da wa'adin yakan kai awa 168, kuma sharuɗɗan sai ƙara tsauri suke yi. Wayoyin Samsung da aka yi wa kasuwar Amurka a kulle suke, haka ma Pixel ɗin da aka saya ta hannun kamfanin sadarwa na Verizon, ko da a ido ba ta da bambanci da 'yar uwarta mai buɗuwa. A wayoyin Samsung da suke buɗuwa kuma akwai wani ɗan fis na tsarin tsaronsu mai suna Knox da yake ƙonewa da zarar an zuba baƙuwar manhaja, ba ya gyaruwa har abada, ko an mayar da manhajar kamfani wasu hidimomin tsaro ba za su dawo ba, garanti ma yakan tafi tare da shi. iPhone kuwa ba a ma maganarta.

Da na san duk wannan tun farko, da ban yi abin da na yi wa wayar yayata ba. Ganin tawa ta yi kyau sai kaina ya fara girma. Ita kuma kullum tana kukan wayarta ta cika, talla yana faɗo mata ko tana tsakiyar karanta saƙo, sai na ce ta kawo in gyara mata. Ƙaramar waya ce mai araha, babu ita a jerin kowa, amma na yi ta bincike har na samo wani fayil da wani wanda ban san ko wane ne ba ya ɗora a intanet, sunan samfurin ya yi daidai da nata in ban da harafi ɗaya a ƙarshe. Na ce harafi ɗaya ai ba komai. A manhajar filashin ɗin kuma na zaɓi a goge komai kafin a zuba, ina ganin hakan ya fi tsafta, ban san cewa akwai wani ɗan lungu a cikin ma'ajiyar waya da lambar shaidarta ta IMEI take zaune ba. Wayar ta tashi, har na fara murmushi, sai na ga wurin sabis babu ko sanda ɗaya. Na danna *#06# don in ga lambar, wurin ya fito wayam. Washegari na kai ta wajen wani mai gyara, ya jujjuya ta, ya dube ni ya ce, "Malam, sai ka kawo kwalinta da rasit, in ba haka ba ba zan taɓa ta ba." Allah ya sa Yaya mai adana kaya ce. Ya mayar mata da manhajar kamfani da lambarta ta asali da ke jikin kwalin, na biya kuɗin da ya kusa kai sulusin kuɗin wayar.

Amma ba kuɗin ne ya dame ni ba. Na kwashe mata hotuna da lambobi kafin in fara, sai dai ban kwashe saƙonnin murya ba, kuma a cikinsu akwai na gwaggonmu da ta rasu watanni kaɗan kafin nan, wadda takan aiko mata gaisuwa da addu'a duk ranar Juma'a. Na je na durƙusa na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, laifina ne, garaje na yi." Ta yi shiru na ɗan lokaci tana goge allon da bakin mayafinta, sannan ta ce, "Waya ai dukiya ce, ana sayen wata. Muryar Gwaggo fa, a ina za ka samo mini?" Ba ta sake tayar da maganar ba har yau, ni kuma ban sake karɓar wayar wani da sunan zan sauya mata manhaja ba.

Ko a inda aikin ya yi kyau, akwai kuɗin da ake biya wanda ba na naira ba, kuma mafi nauyinsa a wajenmu shi ne banki. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 turin kuɗi ta waya ya zama ruwan dare, har mai shayi da mai kayan miya suna karɓa. Manhajojin kuɗi da yawa kafin su buɗe sukan tambayi Google, ta wani tsari mai suna Play Integrity, ko wannan waya tana nan yadda kamfani ya bar ta. Idan amsa ta zo cewa an buɗe butloda, wasu sukan ƙi aiki ɗungurungum. A tawa wayar, manhajar banki ɗaya tana aiki lafiya, ta wani bankin kuma ta yi wata takwas tana aiki, ranar nan aka sabunta ta, daga nan ba ta sake buɗuwa ba, kuma ina tsaye ne a gaban mai shago da kaya a leda lokacin da na gano haka. Lambobin USSD su suka fitar da ni kunya, domin su ba ruwansu da irin manhajar da ke cikin waya. Akwai dabarun ɓoye wa banki gaskiya da matasa suke koya wa juna, amma wasan ɓuya ne da ba ya ƙarewa, yau ya yi aiki gobe a toshe, kuma ni ban ga hikimar mutum ya yaudari tsaron da aka sa don kare kuɗinsa ba. Mai sana'ar POS, ko ɗan kasuwar da cinikinsa yake shigowa ta waya, shawarata gare shi ita ce kada ya kusanci wannan abu da wayar sana'arsa.

Sauran asarar ƙanana ne amma suna nan. Hoton kyamara yakan rage kyau, musamman da dare, domin dabarar gyara hoto sirrin kamfani ce da ba ta biyo sabuwar manhaja. Wayar Yaya tana da zaɓin harshen Hausa a saitinta, abin da ya kamata a yaba wa masu ƙera wayoyin da aka yi don kasuwarmu, amma a manhajar da na zuba wa tawa na duba jerin harsuna na ga Swahili da Amharik da Zulu, ban ga Hausa ba. Sannan waya mai buɗaɗɗen butloda, idan ta faɗa hannun wanda ya san aiki, ta fi sauƙin a dasa mata muguwar manhaja. Batun amana kuma ya fi duka girma. Manhajar kamfani ma ba a rantse a kanta ba: a 2020 masu binciken tsaro na Secure-D sun ba da rahoton samun wata muguwar manhaja mai suna Triada a cikin dubban wayoyin Tecno W2 tun daga kwali, a ƙasashe irin su Habasha da Ghana da Kamaru, tana yi wa mutane rajistar hidimomin da ba su nema ba, kamfanin kuma ya ce ta shigo ne ta hannun wani mai kawo masa kaya, ya fitar da gyara. To idan haka za ta iya faruwa ga kamfani mai suna da adireshi, me za a ce game da fayil ɗin da wani marar suna ya ɗora, wanda za a ba shi ikon ganin kowane lambar sirri da aka danna a allon? Wanda zai yi, ya ɗauko daga shafin masu manhajar na ainihi kawai, ya tabbatar lambar samfurin wayarsa tana cikin jerinsu harafi da harafi.

Ina kuma so iyaye da jami'an tsaro su fahimci cewa wannan aiki daban yake da abin da masu ƙwacen waya suke nema. Ɓarawo so yake a cire makullin asusun mai waya ko a sauya mata lamba don a ɓatar da sawu, kuma izinin buɗe butloda ba ya kunnuwa sai an riga an shiga cikin wayar da lambar sirrin mai ita. Mai gyaran da ya nemi in kawo kwali da rasit ya yi daidai, ko da yake a ranar raina bai so ba, kuma ina fata shugabannin kasuwannin waya za su riƙe wannan ƙa'ida da ƙarfi.

Babban abin da nake so wannan jarida ta taya ni isarwa kuwa, ga hukumomi ne. Bai kamata a ce sai malamin lissafi ya yi mako biyu yana karatu, ya sa wayarsa a caca, kafin abin da ya saya da guminsa ya ci gaba da samun gyaran tsaro ba. Tarayyar Turai ta kafa doka da ta fara aiki ranar 20 ga Yunin 2025, wadda ta wajabta wa masu sayar da waya a can su ci gaba da sabunta manhajarta aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin, su kuma tanadi kayan gyara na shekara 7. Mu a nan Hukumar Sadarwa ta NCC ita take amincewa da kowane samfurin waya kafin a sayar da shi bisa ƙa'ida, akwai kuma FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Na san za a ce tilasta shekara 5 zai ɗaga farashi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. To, a fara da abin da ba ya cin ko sisi: a wajabta rubuta a jikin kwali, da manyan baƙaƙe, watan da shekarar da kamfani zai daina turo gyaran tsaro, kamar yadda ake rubuta ranar lalacewar magani da madarar gwangwani, mai saye ya gani ya zaɓa. Sannan kamfanin da ya daina kula da waya ya ba mai ita hanyar buɗe ta a hukumance, ya kuma wallafa rubutun Linux da ya yi amfani da shi, wanda dama lasisin amfani da Linux ɗin, mai suna GPL, ya ɗora masa wannan nauyi. Idan aka samu waɗannan, ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da sauran manyan makarantunmu za su iya ɗaukar samfurin waya ɗaya da ya cika gari su gina masa manhaja a matsayin aikin kammala karatu, su sa mata Hausa, maimakon wayoyi masu sauran rai su riƙa ƙarewa a buhun 'yan gwangwan. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka sake sarrafawa bisa tsari.

Karo na uku da na yi aikin, da gangan na sayi wayar hannu bayan na duba sunanta a jerin, na sa mai shagon ya bar ni na shiga saiti na tabbatar izinin buɗewar yana dannuwa kafin in ƙirga masa kuɗi. Ya yi ta kallona yana mamakin mai sayen da bai tambayi kyamara ba. Ita nake riƙe da ita yanzu, ta farkon kuma tana hannun babban ɗana yana karatu da ita, kuma ko a makon jiya ta karɓi sabuntawa. Ɗaliban da suka tambaye ni na ce kowa ya rubuto mini cikakkiyar lambar samfurin wayarsa a takarda. Su shida ne suka kawo, muka zauna muka duba tare, ta mutum ɗaya ce kawai take cikin jerin, shi ma da ya ji batun banki ya ce zai bari sai ya samu waya ta biyu.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin lissafi,
daga Kano.